Tirelar da ke Cikin Mai Tagogi

Dogon Zango ya ƙarar da ƙuruciyarsa da rabin tsufansa a kan sitiyarin tirela, har ranar da likita ya haska masa 'yar fitila a ƙwayar ido, ya girgiza kai ya ce, "Baba, tuƙi ya isa haka." A tasha aka laƙaba masa wannan suna, don ba ya karɓar lodi sai na nesa. A gida kuwa Baba ne kawai, mai farar kujerar roba a bakin ƙofa, wanda ke bin tayoyin motoci da kallo yana faɗa wa kansa wadda iskarta ta yi ƙasa.

Gaban gidan shago ne na babbar 'yarsa, wadda ƙannenta ke kira Yaya, shi kuma yake ce mata Uwata. Katunan gayyata take bugawa, da kalanda, da allunan talla. Shagon dogo ne siriri, kullum cikin ƙanshin tawada da ɗumin takarda, kuma a jikin bangon dama akwai tebur mai ɗauke da kwamfutoci uku. Tsohon bai taɓa iya riƙe sunayensu na Turanci ba, sai ya raɗa musu nasa.

Akwai mai tuffa, fara sol, siririya, da hoton tuffar da aka gatsa a bayanta. Ta Yaya ce, a kanta take zane. Ko ka kasa kunne ba ka jin numfashinta. Akwai mai tsuntsu, ta mijin Yaya, malamin lissafi a makarantar sakandare, wanda kowa ke kira Malam. Tsohuwar kwamfuta ce da aka yar, ya ɗauko ya zuba mata wani tsari na daban. Idan an kunna ta sai wani baƙin tsuntsu mai farin ƙirji ya fito, a tsaye kamar mutum. An ce a ƙasar ƙanƙara yake zaune, yana da fiffike amma ba ya tashi, kuma tsohon ya daɗe yana juya lamarin wannan tsuntsu a ransa. Sai mai tagogi, wadda ke nuna hoton tagogi huɗu idan an kunna ta, baƙin akwati a ƙarƙashin tebur, fankar cikinta na gurnani kamar injin da aka bari a kunne. Ita ke juya babban injin bugawa, a cikinta aikin jama'a yake taruwa, kuma Auta ne ke kula da ita.

Auta, ɗansa na ƙarshe, ya tara gemu, amma har yanzu in ka ji ihu a shago to shi ne ya ci wani a gem. Shi ya lura zaman kujera na cin mahaifinsa. Wata rana ya shigo da sitiyarin roba da 'yan matakai na birki da totur, ya ɗaure sitiyarin a bakin tebur, ya sa wani tsohon gem na tuƙin tirela a cikin mai tagogi, ya ce, "Baba, zo ka gwada mana wannan."

Tsohon ya zauna don kada ya watsa wa yaro ƙasa a ido. Da allon ya haska, sai ya ga kansa a cikin kan mota, hanya shimfiɗe a gabansa. Ya taɓa totur, inji ya amsa. Bai yi nisa ba hadari ya haɗo, ɗigon ruwa ya fara sauka a gilashi, kowane ɗigo na gangarowa ta hanyarsa. Inuwar turakun lantarki na bi ta kan bonet ɗaya bayan ɗaya. Abin da ya fi kama shi ma ƙarami ne: a jikin ƙusar da ta riƙe madubin gefe akwai tsatsa. Wani bawan Allah, a wata ƙasa, ya zauna ya zana tsatsa a jikin ƙusa, don ya san haka madubin tirela yake. Tsohon ya ce a ransa, duk wanda ya yi wannan ya taɓa zama a kan mota, ko ubansa ya taɓa.

Daga ranar, duk sa'ad da aka rufe shago don hutun rana, sai ya shigo. Ba ya zama sai ya zagaya teburin, ya ƙwanƙwasa akwatin, ya taɓa wayoyi, ya goge allon da hankici. Auta ya buɗe masa wani shafi na intanet mai kiɗa kyauta, don direba ba ya tafiya ba rediyo. Lodin da ya zaɓa na bututun ƙarfe ne, za a kai tashar jiragen ruwa a can ƙarshen taswira. A duk yawon da ya yi a duniya bai taɓa ganin teku ba. Kullum a wani gari na tudu ake sauke masa kaya, wani ya ƙarasa da su. Wannan karon ya ƙudura shi zai ƙarasa.

Sai dai tafiyar da Auta ke cinyewa a zama ɗaya, shi ta ɗauke shi makonni, don ba ya wuce ƙa'ida.

"Baba, gem ne fa! Taka mana, ba mai kama ka," in ji Auta.

"Kai da ba ka taɓa jin nauyin ƙarfe a bayanka ba. In na taka, kai za ka tsayar min da ita a gangara?"

Idan lokacin buɗe shago ya yi, sai ya nemi wuri mai faɗi ya faka, Auta ya adana masa tafiyar zuwa gobe.

Ana cikin haka cuta ta shiga mai tagogi. Da farko nauyi ta yi, kamar motar da aka yi wa lodin wuce kima a hawan dutse. Daga baya ayyukan mutane suka ƙi buɗuwa. Auta ya ce bairos ne, ya wanke ta tas, ya mayar da komai, har da tafiyar Baba. Ba a jima ba cutar ta dawo, wannan karon ta cinye kalandar wata makaranta da hotunan ɗalibanta duka. Yaya ta sake aikin daga farko, ta ba shugabar makarantar haƙuri har bakinta ya bushe. Da ta gama sai ta tara kowa a shago. Tsohon na daga bakin ƙofa a kujerarsa, yana ji.

"Ni na gama magana," in ji Yaya. "A sayar da ita a kawo irin tawa. Tun da na saye ta ko atishawa ba ta taɓa yi ba."

"Ina za ta yi atishawa, tana cikin katanga?" in ji Auta. "Taki gidan mai kuɗi ce, Yaya, komai sai an tantance shi a bakin ƙofa. Tawa kasuwa ce. Ɓarawo kuwa inda jama'a suke nan yake zuwa."

"To ka ji, da bakinka ka ce matattarar ɓarayi ce."

"Matattarar kowa ce! Duk wani gem na kirki ita ake fara yi wa. A taki me ake bugawa? Jera 'ya'yan itace kala-kala?"

Malam ya gyara zaman tabarau ya yi gyaran murya. "Ba sai an sayar ba, ba sai an saya ba. A wanke ta a zuba mata irin tsarin tawa. Kyauta ne. Mutane ne daga ƙasashe daban-daban suka haɗu suka gina shi, kowa ya kawo abin da ya iya, kuma a buɗe yake, duk mai ido zai iya leƙawa ya ga inda ke da ɓaraka. Ba abin da zai zauna a cikinta sai an ba shi kalmar sirri."

"Shehin tsuntsaye ya hau mumbari," in ji Auta. "Ranar nan wa ya wuni yana rubuce-rubuce a baƙin allo don kawai lasifika ta yi magana?"

"Ta yi maganar ko ba ta yi ba?"

"Ta yi, bayan masu saurare sun watse."

"Kai Auta, mijin yayarka ne fa," in ji Yaya.

"Shi ya sa nake faɗa masa gaskiya, wani ba zai faɗa masa ba."

Malam ya yi dariya ya juya ga matarsa. "Ke ma kada ki saki jiki. Taki ba wai ba ta kamuwa ba ce, masu farautarta ne ba su kai na tasa yawa ba."

Tsohon na saurare, abin yana ba shi sha'awa, har ya manta a kan me ake taron. A ransa ya mai da su motoci. Mai tuffa ita ce motar alfarma da ake rufe wa bonet, ba ta ba ka wahala, amma ba ka isa ka sa mata hannu ba. Mai tagogi bas ce ta haya, kowa nata ne, kayan gyaranta har a bakin titi. Mai tsuntsu kuwa ya rasa inda zai ajiye ta, don bai taɓa jin motar da baƙi suka haɗu suka ƙera, waɗanda ba su taɓa ganin fuskar juna ba, sannan suka ajiye ta a bakin hanya da makulli a jiki suka ce duk mai so ya ɗauka. Ya ce lallai duniya ba ta ƙare da mutanen kirki ba.

Sai kuma wani abu ya faɗo masa. Ya leƙo da kai.

"Uwata, tirelata fa?"

Auta ne ya amsa, yana kallon ƙasa. "Ba a yi gem ɗin don mai tuffa ba, Baba. Ba zai hau ba."

"A kan tawa za a iya gwadawa," in ji Malam a hankali. "Wataƙila ya tashi, wataƙila sitiyarin ya ƙi ji. Tafiyar da aka riga aka yi kuwa, Baba, ba zan yi alkawari ba."

"Ka yi haƙuri, Baba," in ji Yaya. "Ni ina ma zargin gem ɗin nan ne ke jawo mana cutar. Kafin a sa shi ba ma ganin haka. Jibi mai saye zai zo."

Tsohon ya ce, "To, Allah ya sa haka ne mafi alheri." Ya mai da kansa waje. Saura tsaunuka kaɗan tsakaninsa da teku, ya gani a taswira, amma ko ya wuni yana tuƙi ba zai kai kafin jibi ba, sai in gudu zai yi, shi kuwa ba zai yi gudu da ƙarfe a baya ba. Da yamma matarsa, wadda yara ke kira Inna, ta ɗauke kwanonsa kamar yadda ta ajiye. Ta leƙa shago ta ce wa 'yarta, "Ban san me kuka yi wa ubanku ba, amma ko ruwa bai sha ba."

Washegari da rana Yaya ba ta shiga gida hutu ba. Ta jawo kujera ta ajiye kusa da ta mahaifinta. "Baba, yau ni ce fasinjarka."

Fuskarsa ta ɗan saki. Ya zagaya tebur, ya goge allo, ya zauna. "Fasinja a gyara zama, ba a fitar da hannu ta taga."

Ba ta taɓa tsayawa ta kalli abin da kyau ba. Hanya ta bi ta gefen wani kwari, bishiyoyi dogaye a dama, rana na ratsowa ta tsakaninsu. Ita mai zane ce, ta san wahalar sa haske ya zauna daidai a kan ganye, sai ta kama haɓa. Ta kuma ga hannun mahaifinta, wanda ke rawa idan ya ɗauki kofi, ya tsaya cak a kan sitiyari. Yana shiga kwana yana duba madubi, yana sauke giya kafin gangara, yana yi mata bayanin kowane abu a hankali kamar mai karanta wasiƙa.

Can sai wani ɗan akwati ya ɓullo a kusurwar allon, daga shafin kiɗan nan. A ciki hoton wata mata ce tana murmushi, ta ɗaga hannu, ga rubutu yana walƙiya. Tsohon ya kunna sigina, ya rage gudu, ya sauka gefen hanya, ya ja birkin hannu. Sannan ya ɗauki linzamin kwamfuta ya danna akwatin. Nan take kwamfutar ta fito da wani akwatin nata, babba, a tsakiyar allo. Ya nufi maɓallin amincewa, Yaya ta cafke hannunsa.

"Baba! Me kake yi haka?"

"Fasinja ce. Ba ki ga ta ɗaga hannu ba?"

"Fasinja?"

"Kullum suna tsayar da ni a hanyar nan. Jiya wani dattijo ne da farar riga, riƙe da kwalbar magani. Kwanaki wani saurayi da ƙaton akwati mai ɗaurin kyauta, ko ina za shi da shi oho. Ni tun da na fara tuƙi ban taɓa wuce mutum a dajin da ba kowa ba. Maigidana da ya koya min mota, in ka wuce mai ɗaga hannu, a tasha ta gaba zai sauke ka." Ya dubi allon. "Abin da ke ba ni mamaki, ina buɗe musu amma ban taɓa ganin sun shigo ba."

"Sun shigo, Baba," in ji Yaya. "Wallahi sun shigo. Shi wannan na biyun fa, ka san me yake cewa?"

"Wannan ai kwandasta ce, tana tambaya ko a buɗe ƙofa. Kullum sai ta tambaya, baiwar Allah, ba ta gajiya."

Yaya ta so ta yi faɗa, dariya ta ƙwace mata. Ta yi ta yi har da hawaye, ta buɗe ƙofar cikin gida ta ƙwala wa Auta da Malam kira. Da suka ji labari, Auta ya ɗaga hannu biyu sama yana zagaya shago.

"Kun ji ko! Tana tambaya! Baiwar Allah tana tambaya, ana ce mata buɗe! Yaya, sai ki ba ta haƙuri, kin yi mata ƙazafi."

"Rufe mana baki. Wa ya buɗe masa shafin kiɗan?"

Auta ya sauke hannuwansa.

"Gaskiya ko tawa ce," in ji Malam, "in dai Baba na riƙe da kalmar sirri, buɗe musu zai yi. Taki ma haka. Ba ƙofar da ke gagarar wanda mai gida ya ce wa bismillah."

Tsohon na zaune yana kallonsu ɗaya bayan ɗaya, bai gane abin dariyar ba. Malam ya durƙusa kusa da shi.

"Baba, a zamaninku ba a sa mace ta tsaya a bakin hanya tana ɗaga hannu, maza na kwance a cikin ciyawa?"

Fuskar tsohon ta canza. Ya san wannan sarai. Wani abokinsa a haka ya rasa mota da kaya, ya dawo gida a ƙafa. Ya juya ya ƙura wa matar da ke cikin akwatin ido. Har yanzu tana murmushi.

"Ashe har nan sun iso," ya ce. Ya daɗe yana kallonta. "Wani ya zauna ya zana tsatsa don in ji daɗi, wani kuma ya zauna ya zana wannan don ya cuce ni. Kuma duk a allo ɗaya." Ya juya ga 'yarsa. "Uwata, kalandar mutane ni na ɓata miki. Ki yafe ni."

"Haba Baba, ya wuce. Yanzu dai ka gane, in sun ɗaga hannu sai ka wuce abinka."

Ya girgiza kai. "Ba zan yi miki alkawarin abin da ba zan iya ba. Ni in na ga hannu a sama, ƙafata da kanta take neman birki. Gara ki sayar ɗin."

Yaya ta dubi mijinta, ta dubi ƙanenta. Auta ya sunkuya ƙarƙashin tebur, ya laluba bayan baƙin akwatin, ya ciro shuɗiyar wayar intanet, ya fito da ita a hannu.

"Ta nan suke biyowa. Gem ɗin Baba ba ya bukatarta. In ba waya, ba mai tsayar da shi."

"Injin bugawa fa?" in ji Yaya. "Ni aikin mutane ba zai sake kwana a cikinta ba."

"A ba tsuntsu," in ji Malam. "Zai iya."

"Zai iya, bayan masu kati sun yi bikinsu sun haihu," in ji Auta.

Yaya ta ɗauki wayarta ta kira mai saye ta ce masa an fasa.

Washegari Malam ya wuni cur yana rubuce-rubuce a baƙin allo, Auta na tsaye a kansa yana yi masa kirari, kafin la'asar sai ga injin ya tofo takarda mai kyau. Mai tagogi kuwa aka ɗauke ta da sitiyarinta aka kai ɗakin tsohon, aka ajiye kusa da taga.

Kwanakin farko hanyar ta yi masa shiru. Ba kiɗa, ba mai ɗaga hannu, daga shi sai ƙarar inji. Ya faɗa wa Inna haka, ita kuwa ta ce ba ta ga abin kallo a motar da ba ta zuwa ko'ina ba. Amma washegari ta shigo da tiren wake tana tsincewa, ta zauna a bakin gado, wai ɗakin ya fi iska. Daga nan kullum sai ta zo. Tana ba shi labarin unguwa, wa ya tashi, wa ya tare, tana kuma gyara masa tuƙi.

"Ka matsa wa mai jar motar nan ya wuce mana, tun ɗazu yake bin ka."

"Ke tsinci wakenki. Wa ya taɓa tuƙi tsakanina da ke?"

Ranar da ya haye tsauni na ƙarshe, da hantsi ne. Hanya ta karkata ta bi tsakanin duwatsu biyu, ya sauke giya, kan motar ya sunkuya. Sai ga wani abu shuɗi a ƙasa, shimfiɗe daga wannan gefen allo zuwa wancan. Inna ta ajiye tire.

"Maigida, wancan fa? Sama ce ta sauko?"

Ya gangara a hankali, ya wuce wasu gidaje masu jan rufi, ya sami fili a bakin ruwa ya faka. Ya kashe inji. Da ƙarar ta ɗauke sai suka ji ruwan yana zuwa yana komawa, da kukan wasu fararen tsuntsaye. Ya matso da fuskarsa dab da allon yana neman ɗaya gaɓar, inda ruwan ya ƙare. Bai gan ta ba. Can nesa wani jirgi ne, ƙanƙane kamar ƙwayar shinkafa, ba ka cewa yana motsi sai ka ɗauke ido ka dawo.

"Duk wannan ruwa," in ji Inna, "kuma aka ce ba a sha?"

"Gishiri ne."

"Kai, an yi asara."

Auta ya leƙo daga ƙofa, ya ga allon, ya yi kabbara. "Baba ya iso! Ga ƙofar tashar can a hagu, ka shiga ka sauke kaya a ba ka maki."

Tsohon bai waiwayo ba. Ya jingina da kujera, ya naɗe hannuwa a ƙirji.

"Bari tukuna," ya ce. "Ƙarfe ne, ba ya ruɓewa."